Yaƙin 'Ya'yan Shah Jahan: Yadda Nasara Ta Riƙa Sauya Hannu (1657 zuwa 1660)

 

Wannan bayani ne a kan yaƙin basasar da aka gwabza a Daular Mugal ta ƙasar Indiya tsakanin 'ya'yan Sarki Shah Jahan su huɗu, uwa ɗaya uba ɗaya, alhali mahaifinsu yana raye. Da yawa daga cikinmu sun san Shah Jahan saboda ginin Taj Mahal da ya yi wa kabarin matarsa Mumtaz Mahal a birnin Agra. Ɗaliban fiƙihu kuma sun san ɗansa Aurangzeb saboda littafin Fatawa Alamgiriyya, wanda a ƙasashen Larabawa ake kira al-Fatawa al-Hindiyya, domin shi ya tara malaman Hanafiyya suka haɗa shi. Abin da ya shiga tsakanin uban da ɗan shi ne wannan yaƙi.

Larabawa suna kamanta yaƙi da guga a bakin rijiya, yanzu tana hannun wannan, an jima tana hannun wancan. Da wuya a sami yaƙin da ya fi wannan dacewa da misalin. An yi manyan karo biyar a cikin wata goma sha uku, kuma a biyu daga cikinsu wanda ya yi nasara da yamma saura ƙiris a kashe shi da rana.

Ranakun da za a kawo a nan na tsohuwar kalandar Miladiyya ne, wadda mafi yawan littattafan tarihin Indiya suke amfani da ita. Ɗalibin da ya tarar da bambancin kwana goma a wani littafi kada ya ruɗe, wancan ya bi sabuwar kalanda ne.

'Yan'uwan huɗu

Gidan Mugal ba su da ƙa'idar cewa babban ɗa shi ke gadon sarauta. Kowane ɗan sarki yana da haƙƙin nema, wanda kuma ya nema ya rasa ba a cika barinsa da rai ba. Mutanen zamanin suna cewa abu biyu ne a gaban ɗan sarki, ko gadon mulki ko makara. Shi kansa Shah Jahan sai da aka kashe ƙanensa Shahriyar da wasu 'ya'yan gidan kafin ya zauna daram a 1628. 'Ya'yansa sun tashi sun san wannan.

Babbansu Dara Shukoh, an haife shi a 1615. Shi ne ɗan lelen uban, yana zaune a fada, jihohin da aka ba shi kamar Fanjab wakilai ke riƙe masa. Mutum ne mai karatu, ɗan ɗariƙar Ƙadiriyya, almajirin Mulla Shah. Ya rubuta littattafai a kan waliyyai, daga baya ya rubuta Majma'ul Bahraini inda ya yi ƙoƙarin daidaita sufanci da falsafar Hindu, a 1657 kuma ya kammala fassara littattafan Upanishad zuwa Farisanci. Yaƙi ɗaya tak ya taɓa jagoranta, wato kewaye birnin Kandahar a 1653, bai kuwa ci ba. Ga shi da kaifin harshe a kan manyan fadawa, suka riƙe abin a zuci.

Na biyu Shah Shuja, gwamnan Bengal a gabas tun 1639, mai dukiya da jiragen ruwa na yaƙi. Na uku Aurangzeb, an haife shi a 1618, gwamnan Dakan a kudu. Shi wannan kusan rayuwarsa duka a sansani ya yi ta. Ya yaƙi Uzbekawa a Balkh a 1647, ya kewaye Kandahar sau biyu bai ci ba, sannan ya yaƙi daulolin Golkonda da Bijapur. Ya san sarakunan yaƙinsa ɗaya bayan ɗaya, su ma sun san shi. Autansu Murad Bakhsh, gwamnan Gujarat, jarumi ne a fagen fama amma ba shi da zurfin ciki. 'Yan'uwansu mata ma sun rabu: Jahanara tana tare da Dara, Roshanara tana tare da Aurangzeb.

A watan Satumba 1657 ciwo ya kwantar da Shah Jahan a Delhi, aka daina ganinsa a bainar jama'a. Dara ya karɓi tafiyar da mulki, ya kuma tsananta wa masu kai labari jihohi. Wannan ya sa jita-jita ta bazu cewa sarki ya rasu ana ɓoyewa. Ko da ya sami sauƙi ya koma Agra, magana ta riga ta fita daga hannu. Shuja ya naɗa kansa sarki a Rajmahal. Murad ya kashe wazirin kuɗinsa Ali Naƙi bisa zargin haɗa baki da Dara, ya wawashe tashar jiragen ruwa ta Surat, shi ma ya naɗa kansa a Ahmadabad. Aurangzeb bai naɗa kansa ba. Cewa ya yi zai je ya gaida mahaifinsa ya kuma raba shi da sharrin Dara. Ya ƙulla yarjejeniya da Murad cewa idan sun ci, Murad zai ɗauki Fanjab da Kabul da Kashmir da Sindh, da kashi ɗaya cikin uku na ganima.

Bahadurpur da Dharmat

Dara ya fitar da runduna biyu. Wadda ta fi ƙarfi ya tura gabas ta tari Shuja, ƙarƙashin babban ɗansa Sulaiman Shukoh tare da Raja Jai Singh na Amber da Dilir Khan. Ran 14 ga Fabrairu 1658 da asuba suka shammaci sansanin Shuja a Bahadurpur kusa da Banaras. Shuja ya tsira a jirgin ruwa, aka kwashe kayansa.

Dara ya ci karon farko ke nan, amma wannan nasara ita ta karya shi. Rundunar ta bi Shuja can cikin Bihar har yankin Munger, ta ɓata watanni a can. Lokacin da aka aika musu su dawo da gaggawa, tazarar ta yi yawa. Jai Singh, wanda ya fi kowa gogewa a cikin sarakunan yaƙin daular, bai halarci ranar da aka fi bukatarsa ba. Da labarin faɗuwar Dara ya same su a hanya, shi da Dilir Khan suka bar yaron suka koma wajen Aurangzeb.

Runduna ta biyu ta nufi kudu ƙarƙashin Maharaja Jaswant Singh na Jodhpur da Ƙasim Khan. Aikinsu su hana Aurangzeb da Murad haɗuwa. Jaswant ya yi jinkiri har suka haɗu, sannan ya zaɓi wani matsattsen fili a Dharmat kusa da Ujjain, mai kwazazzabai da fadama, inda dawaki ba su da wurin juyawa. Aka kara ran 15 ga Afrilu 1658. Da farko mahayan Rajput, wato ƙabilun mayaƙan Hindu da suka daɗe suna yi wa daular hidima, sun yi sukuwa cikin wutar igwa har suka isa kan igwogin, suka kashe shugabansu Murshid Ƙuli Khan, suka kutsa cikin sahun gaba. Da an mara musu baya a wannan sa'a da labari ya sha bamban. Amma Ƙasim Khan bai taɓuka abin kirki ba, sauran rundunar kuma ta cushe a wuri guda. Aurangzeb ya rufe su ta baya, maharban igwarsa, waɗanda akwai Turawa a cikinsu, suka koma kan aikinsu. Shugabannin Rajput irin su Mukund Singh Hada da Ratan Singh suka mutu a wurin, Jaswant ya fice da rauni ya nufi Jodhpur.

Samugarh

A nan ne ya kamata a tsaya, domin ranar Samugarh ita ta yanke hukunci.

Dara ya fito da kansa ya tsare maƙetaran kogin Chambal kusa da Dholpur, ya jera manyan igwogi yana jira. Aurangzeb bai zo ta nan ba. Wani mai ƙasa a yankin ya nuna masa wata maƙetara kimanin kilomita 60 gabas da wurin, wadda ba a tsare ba. Ya koro rundunarsa cikin zafin bazara, mutane da dabbobi suna faɗuwa saboda ƙishirwa, ya haye. Dole Dara ya bar shirinsa da wasu manyan igwoginsa ya ja da baya zuwa Samugarh, kimanin kilomita 15 daga Agra.

Ran 28 ga Mayu rundunar Aurangzeb ta iso a galabaice. Dara ya jera tasa, kusan mutum 50,000, kamar zai afka musu, sai kuma ya tsaya. Mayaƙansa suka yini a tsaye cikin sulke a rana, abokan gaba suna hutawa, da yamma ya koma sansani. A ganina wannan yinin ya fi duk abin da ya biyo baya tsada, domin dama ce da ba ta sake dawowa ba.

Washegari, 29 ga Mayu 1658, wanda ya yi daidai da 7 ga Ramadan 1068, aka gwabza. Igwogin Dara suka fara harbi tun abokan gaba suna nesa, albarushi ya tafi a banza. Sai Rustam Khan, wanda ke riƙe da hannun hagu tare da Sipihr Shukoh ƙaramin ɗan Dara, ya yi sukuwa. Wutar igwa ta mayar da shi, ya karkata ya faɗa wa hannun daman Aurangzeb ya tarwatsa sahunsa na gaba. Aka kawo ɗauki aka kewaye shi, ya yi ta faɗa har aka kashe shi. A ɗaya gefen, Khalilullah Khan mai riƙe da hannun daman Dara ya ɗan taɓa ya ja da baya. Amma mahayan Rajput ƙarƙashin Rao Chhatrasal Hada na Bundi suka afka wa Murad. Raja Ram Singh ya kai har gindin giwarsa ya jefe shi da mashi, Murad ya harbe shi da kibiya. Murad ya sami raunuka a fuska, an kashe mai tuƙa masa giwa, haudajinsa ya cika da kibau kamar bayan beguwa, aka tura shi baya.

Haudaji shi ne ɗakin zama da ake ɗaurawa a bayan giwa, irin darbukar da ake ɗora wa raƙumi. Mai karatu ya riƙe wannan, domin yaƙin duka a kansa ya rataya. Rundunar Mugal taron fadawa ce, kowane bafade da mahayansa waɗanda shi yake biya. Abin da ya haɗa su shi ne ɗan sarkin da suke yi wa yaƙi, domin shi zai ba da muƙami da ƙasa idan an ci. Shi ya sa yake hawa giwa mafi tsayi, kowa ya ɗaga kai ya gan shi. Muddin yana zaune a can akwai dalilin yaƙi. Idan haudaji ya zama wayam, kowane bafade lissafin kansa zai shiga yi, tunda ba wanda zai biya shi ladan mutuwa, kuma gobe zai bukaci afuwar wanda ya ci.

Aurangzeb ya matso don ya taimaki Murad, Rajput suka juyo kansa. Masu tsaronsa suka yi ƙaranci. Raja Rup Singh ya diro daga doki da takobi tsirara, ya kutsa har ƙarƙashin giwar Aurangzeb yana ƙoƙarin yanke majayin haudajin, a nan aka sassare shi. Tsakanin Aurangzeb da faɗowa ƙasa a wannan lokaci bai fi saran takobi ɗaya ko biyu ba.

Shi kuwa Dara, da ya ga Rustam Khan ya yi gaba, sai ya baro tsakiyar rundunarsa ya bi sawu. Da wuta ta tare shi ya juya ya ratsa ta gaban igwoginsa, ya toshe musu hanyar harbi. Ya yi doguwar tafiya cikin rairayi da tsakar rana, mutanensa suna zubewa don ƙishi. Ya nuna jarunta, wannan ba a musa masa ba, amma ya bar aikin jagora ya koma aikin barde. Sahun gaban Aurangzeb, wanda ɗansa Muhammad Sultan ke riƙe da shi kuma bai gaji ba, ya matso da igwogi. Harsasai da rokoki suka fara sauka a kan giwar Dara. Sai ya sauko ya hau doki.

Marubutan fada sun ce wuta ce ta tilasta shi. Bernier, likita Bafaranshe da ya zauna a Indiya a shekarun, da Manucci, mutumin Venis wanda yake cikin maharban igwar Dara a ranar, sun ce Khalilullah Khan ne ya yaudare shi da cewa nasara ta samu, ya sauko ya bi masu gudu. Ko ma wanne ne, sakamakon ɗaya ne. Mayaƙa suka hangi haudaji babu kowa, aka ce an kashe Dara, nan take runduna ta watse. Dubbai sun mutu, har da Chhatrasal. Dara ya shiga Agra da dare, kunya ta hana shi zuwa gaban mahaifinsa, kafin asuba ya kama hanyar Delhi da iyalinsa.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Shah Jahan ya aika wa Aurangzeb kyautar takobi mai suna Alamgir yana kiransa su gana, Aurangzeb ya ƙi shiga. Ya kewaye ganuwar Agra, ya datse hanyar ɗibar ruwa daga kogin Yamuna, ran 8 ga Yuni aka buɗe masa ƙofa. Jahanara ta je da shawarar a raba ƙasar tsakanin 'yan'uwan, bai karɓa ba. Ran 25 ga Yuni, kusa da Mathura, ya gayyaci Murad liyafa, aka kwance masa makamai yana barci aka sa masa mari. Mutumin da ya sha kibau a Samugarh bai ci ko wata guda yana murnar nasarar ba. Ran 21 ga Yuli Aurangzeb ya naɗa kansa a wani lambu a bayan Delhi, da laƙabin Alamgir.

Khajwa

Aurangzeb ya bi Dara zuwa Lahor da Multan. Shuja, wanda aka ɗauka ya gama yawo tun Bahadurpur, ya ga hanya ta buɗe. Ya sake tara runduna, ya karɓi Banaras da Allahabad, ya doshi Agra. Dole Aurangzeb ya baro farautar Dara ya juyo gabas. Suka yi arba a Khajwa, yamma da Allahabad. Mir Jumla, gwanin igwa kuma tsohon wazirin Golkonda, ya iso daga Dakan ya haɗu da shi ana saura kwana biyu.

Aurangzeb ya fi Shuja yawan mayaƙa nesa ba kusa ba, hannun damansa kuma yana hannun Jaswant Singh, wanda ya yi wa afuwa bayan Dharmat. A daren da za a wayi gari a kara, Jaswant ya afka wa sansanin Muhammad Sultan da mahayansa, suka kwashi abin da suka kwasa, suka kama hanyar gida. Sansani ya rikice cikin duhu, dubbai suka gudu, wasu suka tsallaka wajen Shuja. Marubutan zamanin sun ruwaito cewa labarin ya tarar da Aurangzeb yana sallar tahajjudi, ya idar da ita, sannan ya fito ya naɗa wani a gurbin Jaswant ya sake jera sahu. An ce Jaswant ya riga ya aika wa Shuja cewa ya kawo hari a daidai lokacin. Shuja ya ji hayaniyar, ya zaci tarko ne, ya zauna har gari ya waye. Kamar yadda Dara ya yi asarar yini a Samugarh, haka Shuja ya yi asarar dare a Khajwa.

Duk da haka, da aka fara ran 5 ga Janairu 1659, Shuja ne ke da rinjaye. Sayyid Alam, ɗaya daga Sharifan Barha waɗanda suka shahara da tsayuwa a sahun gaba, ya koro giwaye uku masu hauka, kowace tana kaɗa sarƙar ƙarfe da haurenta da hancinta, suka rusa hannun hagun Aurangzeb. Ɗan Shuja, Buland Akhtar, ya girgiza hannun dama. Aka fara cewa an kashe Aurangzeb, wasu suka gudu da labarin har Agra. Giwayen suka doso tsakiya. A nan ne aka ruwaito cewa ya sa aka ɗaure ƙafafun giwarsa da sarƙa don kada ta juya da shi. Wani maharbi ya harbo mai tuƙa ɗaya daga giwayen, aka shawo kanta. Waɗanda suka ɗaga kai suka ga sarki yana nan inda yake, suka dawo. Da yawan mutane da igwa suka fara aiki, reshe ya juye da mujiya. Harsasai suka matsa wa Shuja, ya sauko daga giwarsa ya hau doki, abin da ya faru a Samugarh ya maimaita kansa.

Mir Jumla ya bi shi Bengal, aka shekara ana fafatawa a bakin kogin Ganga, inda jiragen Shuja suka ba shi ƙarfi da damina. A tsakiyar haka Muhammad Sultan ya bar mahaifinsa ya koma wajen baffansa Shuja ya auri 'yarsa, bayan wata takwas ya dawo, uban ya tsare shi har ya mutu a 1676. A watan Mayu 1660 Shuja ya bar Dhaka ya gudu Arakan, a gaɓar ƙasar Bama ta yau, a can ya halaka shi da iyalinsa.

Deorai da ƙarshen Dara

Dara ma ya sake tashi. Ya gangara kogin Sindh, ya ratsa fadamar gishiri ta Kutch da ƙyar, ya ɓullo Gujarat. Gwamnan Ahmadabad, Shah Nawaz Khan, surukin Aurangzeb ne, amma Aurangzeb ya taɓa tsare shi saboda ya ƙi bin sa a farkon tawayen. Ya buɗe wa Dara ƙofa a Janairu 1659. Cikin 'yan makonni mutumin da ya iso ba shi da komai ya tara kusan mayaƙa 20,000 da igwogi. Sai Jaswant Singh ya aiko masa cewa ya taho Ajmer, Rajput za su tsaya masa. Dara ya amince ya tafi. Kafin ya isa, Jai Singh ya rubuta wa Jaswant da alkawarin afuwa da muƙami daga Aurangzeb, Jaswant ya noƙe. Sau uku ke nan yana sauya sheƙa cikin shekara ɗaya, ladansa kuwa gwamnan Gujarat.

Dara ya kafa a mashigin Deorai kusa da Ajmer, tsakanin duwatsu biyu, ya haƙa ramuka ya jera igwa. Wannan karon ya tsara abinsa da kyau, ya tsare wurin kwana biyu. A rana ta uku, 14 ga Maris 1659, mutanen Raja Rajrup na Nurpur, waɗanda suka saba hawan dutse, suka haye dutsen Gokla ta baya, Dilir Khan kuma ya auka wa ramukan Shah Nawaz Khan. Shaikh Mir, na hannun daman Aurangzeb, ya mutu a harin, Shah Nawaz ma ya mutu. Dara ya gudu. Ahmadabad da ta tarbe shi wata biyu baya ta rufe masa ƙofa.

Ya nufi Iran ta mashigin Bolan. A hanya matarsa Nadira Banu ta rasu, ya tura gawarta Lahor don a binne ta kusa da Shaihu Miyan Mir, ya haɗa ta da ragowar mayaƙansa. Ya sauka wurin Malik Jiwan mai garin Dadar, mutumin da Dara ya taɓa ceto daga hukuncin kisa a gaban Shah Jahan. Shi ne ya kama shi ya miƙa. Ran 29 ga Agusta 1659 aka zagaya da Dara cikin Delhi a kan wata ƙazamar giwa, talakawa suna kuka, har suka jefi Malik Jiwan da mutanensa. Washegari da dare aka kashe shi bisa fatawar ridda, aka binne shi a hubbaren Humayun. Ɗansa Sulaiman ya fake wurin sarkin Garhwal a cikin duwatsu, aka miƙo shi a ƙarshen 1660, ya mutu a kurkukun Gwalior a 1662.

Shin yaƙin addini ne?

Ana yawan ba da labarin nan kamar karo ne tsakanin mai kishin Sunna da mai sassauci ga Hindu. Gaskiya ne 'yan'uwan biyu sun bambanta ƙwarai. Dara ya faɗi maganganun da malaman zamaninsa suka yi inkari, mafi nauyinsu da'awarsa cewa Upanishad su ne ɓoyayyen littafin da Alƙur'ani ya ambata. Aurangzeb kuma ya yi amfani da wannan tun a yarjejeniyarsa da Murad. Sai dai idan aka duba waɗanda suka tsaya a fagen, lissafin ba ya tafiya haka. Masanin tarihi Athar Ali ya ƙirga manyan fadawan kowane ɓangare har zuwa Samugarh, ya sami Hindu 24 tare da Dara, 21 tare da Aurangzeb. Rustam Khan da Shah Nawaz Khan Musulmi ne, sun mutu saboda Dara. Jai Singh da Rajrup Hindu ne, su suka gama da shi.

Hukunce-hukuncen shari'ar ma a duba lokacin da suka zo. Littattafan Dara sun daɗe a hannun mutane, ba a gurfanar da shi ba sai da ya zo a ɗaure, kuma a majalisar da aka yi akwai wanda ya nemi a bar shi da rai, wato Danishmand Khan. Murad ya kashe Ali Naƙi a 1657, ba a tayar da maganar ƙisasi ba sai a 1661, bayan an yi yunƙurin fitar da shi daga Gwalior. Aka sa ɗan mamacin ya shigar da ƙara, aka kashe Murad a Disamba na shekarar. Jinin Ali Naƙi haƙƙi ne, amma shekara huɗu yana jiran ranar da za a bukace shi. Akwai kuma malamin da ya tsaya: babban alƙalin daular ya ƙi yarda a karanta huɗuba da sunan Aurangzeb tunda mahaifinsa yana raye. Wani malami daga Gujarat, Abdulwahhab, ya kawo hujjar cewa tsohon sarki ya gaza, aka ba shi kujerar alƙalin. Aka yi babban bikin naɗi a Delhi a watan Yuni 1659.

Shah Jahan ya zauna a tsare a ganuwar Agra shekara bakwai da rabi, Jahanara tana jinyarsa, ya rasu a Janairu 1666, aka binne shi gefen matarsa a Taj Mahal. Aurangzeb ya yi mulki har 1707, daular ta kai iyakar faɗinta a hannunsa. Wata uku da 'yan kwanaki bayan rasuwarsa, 'ya'yansa Mu'azzam da A'azam suka jera giwaye da igwogi a Jajau, kudu da Agra, tafiyar yini guda daga Samugarh. Aka kashe A'azam a kan giwarsa, Mu'azzam ya hau da laƙabin Bahadur Shah.